Harafi Ɗaya, Baki Huɗu: Sunan Ƙoda a Harsunan Gabashin Asiya

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a darussan share fagen ilimin harsuna, har ɗalibai suka haddace ta suna zuba ta a takardar jarrabawa ba tare da sun tsaya sun auna ta ba. Maganar ita ce wai rubutun Sinawa rubutun hoto ne. Wai kowane harafi zanen wani abu ne ko na wani tunani, babu ruwansa da furuci, saboda haka mutumin Sin da na Japan da na Koriya da na Biyetnam za su iya duban harafi ɗaya su fahimci abu ɗaya, ko da kuwa babu mai jin harshen wani. Daga nan sai a ɗora da cewa wannan shi ne matakin farko na rubutu, wanda sauran al'ummu suka wuce tuntuni bayan da suka gano baƙi da wasali. A ganina bai kamata malamin harshe ya ci gaba da kai wannan bayani aji ba. Akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, amma ƙaiƙayin ya fi tsabar yawa. Ɗalibin da ya haɗiye shi zai fita da gurguwar fahimta game da dangantakar harshe da rubutu, kuma za ta bi shi har cikin yadda zai koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa.

Ba sai an yi dogon yawo ba wajen kafa hujja. Harafi guda ya isa, wato 腎, wanda ake rubuta sunan ƙoda da shi. Na kira shi harafi ne don rashin kalmar da ta fi dacewa. Mai karatu ya lura cewa ba irin harafin boko ko na ajami ba ne mai wakiltar sauti ɗaya. Harafin Sinanci gaɓar kalma sukutum yake wakilta, kuma galibi gaɓar tana ɗauke da ma'anarta, wato ƙwayar ma'ana ce.

Ina hoton ƙodar?

A dubi harafin da kyau, za a ga hawa biyu ne. Hawan ƙasa ya yi kama da 月, harafin watan sama, amma asalinsa 肉 ne, wato nama. Tsawon zamani da saurin hannun marubuta ne suka sa kamannin biyun suka haɗu. Wannan sashe shi ne ake samu a sunayen kayan ciki da yawa: 肝 hanta, 肺 huhu, 腸 hanji, 脾 saifa, 胃 tumbi. Aikinsa shi ne ya shaida wa mai karatu cewa kalmar da ke gabansa ta shafi jiki, iyakarsa ke nan. Hawan sama kuwa, 臤, shi ma kashi biyu ne. Akwai 臣, wanda tsohon zanensa ido ne a tsaye, daga baya ya ɗauki ma'anar bara ko bafade, sannan akwai 又, hannun dama. To ga ido, ga hannu, ga nama. Wanda bai san kalmar ba, ko ya kwana yana kallon waɗannan abubuwa uku, ba za su kai shi ga ƙoda ba.

Sinawa da kansu sun daɗe da warware wannan batu. Masanin nan Xu Shen ya kammala ƙamusunsa mai suna Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 Miladiyya, inda ya tattara haruffa 9,353 a ƙarƙashin rukunai 540. Da ya zo kan wannan harafi sai ya nuna cewa nama shi ne manunin ma'ana, hawan sama kuwa manunin furuci ne kawai. Wannan manuni yana fitowa a wasu haruffan da ba su da alaƙa da ƙoda ko kaɗan, kamar 堅 mai nufin tauri, da 賢 mai nufin nagarta da hikima, da 緊 mai nufin ɗaurewa tamau. A Sinancin Mandarin na yau ana furta su jiān da xián da jǐn, ƙoda kuwa shèn. Baƙaƙen farko sun sha bamban, domin shekara dubu biyu ba kwana biyu ba ce a rayuwar harshe, amma har yanzu duka huɗun suna ƙarewa da sautin n. Fiye da kashi 80 cikin 100 na haruffan Sinanci wannan ƙira gare su, rabi ma'ana rabi sauti. Haruffan da asalinsu zanen abu ne, irin na rana da wata da dutse da itace, 'yan ƙalilan ne, sai dai su ne ake ta nuna wa baƙo a shafin farko, shi ya sa ya ɗauka duk haka suke.

Wasu malaman da ke koyar da yara sukan ƙirƙiro labari don sauƙaƙa hadda, su ce ƙoda ita ce "nama mai tauri". A matsayin dabarar tuni babu laifi. Laifin shi ne a ɗauke ta a matsayin tarihin kalma, kamar yadda wasu a nan suke rantsuwa cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito.

Kalmar ce ta yi tafiya

Da harafin zanen tunani ne tsagwaronsa, da kowace al'umma ta dube shi ta kira shi da kalmarta ta gado, furucin ya zama babu abin da ya haɗa shi da na maƙwabta. Ba haka abin yake ba. A Mandarin shèn, a harshen Kanton da ake ji a Hong Kong san, a Japananci jin, a Koriyanci sin (ana furta shi kusa da "shin"), a harshen Biyetnam thận. Kunne kaɗai ya isa ya gane cewa kalma ɗaya ce ta shiga baki daban-daban.

Muna da hanyar sanin tsohon furucin. A shekarar 601 Lu Fayan ya tsara ƙamus na amsa-amo mai suna Qieyun, wanda aka faɗaɗa shi a 1008 da sunan Guangyun. Dabararsu ta nuna furuci ita ce a kawo haruffa biyu, a ɗauki baƙin farko daga ɗaya, a ɗauki wasali da ƙarshen gaɓa da karin sauti daga ɗayan. Ga ƙoda sai suka kawo 時 da 忍. Daga nan masana suka gano cewa a wancan zamani kalmar tana kusa da "jin", da baƙi mai ziza a farko. Mandarin ya zubar da zizar. Japananci ya riƙe ta, domin ya ari kalmar da wuri, a cikin rukunin aro na farko da ya shiga ƙasar wajen ƙarni na 5 da na 6. Harshen Biyetnam kuwa ya mayar da wannan baƙi zuwa th, kuma ba a wannan kalma kaɗai ba. Harafin lokaci, 時, ana karanta shi shí a Mandarin, ji a Japananci, si a Koriyanci, thì ko thời a Biyetnam. Harafin sama, 上, shi ne shàng da jō da sang da thượng. Harafin taka-tsantsan, 慎, shi ne shèn da shin da sin da thận. Irin wannan daidaito na sauti da sauti shi ne babbar shaidar aro mai tsari.

Ya kamata a jaddada cewa waɗannan harsuna ba dangin juna ba ne. Sinanci yana cikin iyalin harsunan Sin da Tibet. Harshen Biyetnam ɗan'uwan harshen Kambodiya ne. Japananci da Koriyanci kowanne iyalinsa daban, kuma dukansu biyu suna ajiye aikatau a ƙarshen jimla, saɓanin Sinanci da ke sa shi tsakanin aikau da karɓau. Abin da ya haɗa su shi ne ƙarnoni masu yawa na karatu da mulki da addini da magani a cikin rubutaccen Sinanci. Arewacin Biyetnam ma ya zauna ƙarƙashin sarakunan Sin kusan shekara dubu, daga 111 kafin Miladiyya zuwa 938. Ɗalibin Hausa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Mu muna cewa littafi da alƙalami da labari da lokaci, masu jin Swahili suna cewa kitabu da kalamu da habari da wakati. Hausa ta haɗiye "al" na Larabci ta manne shi a jikin kalmomin, Swahili ta bar shi a baya. Babu wanda zai ce kamannin sun samu ne saboda rubutun Larabci hoto ne.

To ina ƙwayar gaskiyar da na ambata? Tana cikin abin da mutanen yankin suke kira hirar alƙalami. Masana daga ƙasashen nan sukan haɗu, babu mai jin maganar wani, amma su zauna da takarda da tawada su yi muhawara har dare. A 1905 ɗan kishin ƙasar Biyetnam Phan Bội Châu ya gana da masanin Sin Liang Qichao a birnin Yokohama na Japan, kuma mafi yawan tattaunawarsu da alƙalami suka yi ta. Haka nan littafin magani na Dongui Bogam, wanda likitan fadar Koriya Heo Jun ya wallafa aka buga a 1613, an sake buga shi a Sin da Japan, likitocin can suka karanta shi ba tare da tafinta ba. Sai dai a tambaya, da wane harshe aka rubuta shi? Da tsohon Sinancin malamai ne, wanda kowannensu ya kwashe shekaru yana koyon nahawunsa da kalmominsa. Manomin Koriya da bai shiga makaranta ba, da an miƙa masa shafin babu abin da zai gani sai tawada. Wannan daidai yake da malamin Kano da na Fas da suke musayar wasiƙa da Larabci. Harshe na biyu ne ya haɗa su, wanda suka sha wahala kafin su mallake shi.

Ƙodar asibiti da ta mahauta

Wata hujjar tana kasuwa. Kalmar aro ta mamaye littafi da asibiti, amma da wuya ta kori ta gida daga bakin mahauci da mai girki. A Sin kanta, wanda ya je sayen ƙodar dabba yakan ce yāozi, 腰子, daga kalmar ƙugu, domin a nan ƙodar take. Daga wannan ne ma suka raɗa wa ƙwallon yazawa suna yāoguǒ, saboda lanƙwasarsa irin ta ƙoda. A Biyetnam likita zai ce thận, mai girki kuwa cật. A gidajen gashin nama na Japan sukan kira ta mame, wato wake. Koriyawa suna da kongpat, kalma mai saiwa biyu: kong waken suya, pat wani jan wake ƙanana da suke dafawa. A Kanton kuwa abin ya fi ban sha'awa, domin ana rubuta ƙundun agwagwa da wannan harafi na ƙoda, sai dai a furta shi da wani karin sauti daban. Bajapanen da ya ga haka a jerin abincin wani gidan cin abinci a Hong Kong, ya karanta harafin daidai, zai yi zaton ƙoda za a kawo masa, sai ya ga ƙundu a faranti.

Ma'ana biyu a riga ɗaya

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin ta taɓa lafiyar mutane. Ƙodar da tsofaffin littattafan maganin Sin suke nufi da 腎 ba daidai take da wadda likitan zamani yake nufi ba. A littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin Miladiyya, an jera manyan kayan ciki biyar, hanta da zuciya da saifa da huhu da ƙoda, aka haɗa kowanne da ɗaya daga ginshiƙai biyar, itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa. Ƙoda ta faɗa a kan ruwa. Aka ba ta hunturu a cikin lokutan shekara, baƙi a cikin launuka, gishiri a cikin ɗanɗano, tsoro a cikin halayen rai. Aka ce ita ce ma'ajiyar ƙarfin haihuwa da girma, ita ke kula da ƙashi da kunne da gashin kai. Har maraina ma wasu littattafan sun kira su "ƙodar waje". Kada ɗalibi ya yi dariya. Mu a nan tsoro a hanta muka ajiye shi, shi ya sa muke cewa hantarsa ta kaɗa, fushi kuma muka kai shi zuciya. Kowace al'umma tana raba halayen rai ga kayan ciki gwargwadon al'adarta.

Matsalar ta taso ne lokacin da ilimin fiɗa na Turai ya iso. A 1771 Sugita Genpaku da abokansa suka halarci fiɗar wata gawa a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, riƙe da wani littafin fiɗa na harshen Holan. Da suka ga zanen littafin ya dace da abin da ke gabansu, sai suka duƙufa fassara shi, ya fito a 1774 da sunan Kaitai Shinsho. A Sin kuma likitan mishan ɗan Ingila Benjamin Hobson ya buga nasa littafin fiɗar da Sinanci a birnin Kanton a 1851. Masu fassara irin waɗannan da suka zo kan ƙoda, tsohon harafin suka ɗauka, kuma da wuya a ga laifinsu, tunda naman dai shi ne. Amma daga ranar harafin ya ɗauki kaya biyu. A gefe guda akwai ƙodar likita, wadda kowace ɗaya take da 'yan matatai kusan miliyan guda, biyun suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini a kowace rana, su mayar da kusan duka, su bar abin da bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba ya fita a matsayin fitsari. A ɗaya gefen akwai ƙodar mai maganin gargajiya, wadda idan ya ce ta yi rauni, wato shèn xū a Mandarin ko jinkyo a Japananci, yana nufin kasala da ciwon baya da ƙarar kunne da raguwar ƙarfin namiji.

Sakamakon a bayyane yake. Wani za a ce masa ƙodarsa ta yi rauni, ya tashi hankalinsa yana tsammanin wankin ƙoda ne ke gabansa, alhali gwajin jini da na fitsari ba su nuna komai ba. Wani kuma ciwon suga ko hawan jini yana cin ƙodarsa a ɓoye, domin wannan ciwo yakan daɗe bai nuna alama ba, shi kuwa yana ganin lafiyarsa lau tunda ƙarfinsa bai ragu ba. Dukansu harafi ɗaya suke karantawa, a ƙasa ɗaya, da harshe ɗaya. Idan harafin bai iya haɗa fahimtar likita da majiyyacinsa a birnin Beijing ba, ta yaya za a ce shi kaɗai ya haɗa fahimtar ƙasashe huɗu? Wanda ya san yadda kalmar basir ta tashi daga ciwo guda a Larabci ta zama rumbun cututtuka a bakin masu tallar magani a tashoshinmu, ya san irin wannan rikici.

Inda babu tsohon harafi kuwa, sai masu fassarar suka ƙera sabo. Likitan Japan Udagawa Genshin, a littafinsa na 1805, ya buƙaci suna ga ƙananan sassan jikin nan masu tatso ruwa ko sinadari, irin masu fitar da yawu da gumi. Sai ya haɗa nama da 泉, maɓuɓɓuga, ya sami 腺, ana karanta shi sen kamar yadda ake karanta maɓuɓɓugar. A lura, tsohuwar dabarar nan ce ta ma'ana da sauti ya bi. Harafin ya haura teku ya shiga Sin, ɗalibi ya ba malami aro ke nan. Akwai irin wannan sashe da ke zaune a kan kowace ƙoda, wanda ke fitar da sinadarin adirenalin. Sinawa suna kiran sa shèn shàng xiàn, a jere ƙoda, sama, matatsa. Mutanen Biyetnam suka ɗauki gaɓoɓin nan uku suka juya su baya gaba, tuyến thượng thận, domin a harshensu suna ne ke fara zuwa kafin abin da ke bayyana shi. Japan da Koriya suka bi wata hanyar, fukujin da busin, wato mataimakiyar ƙoda. Kayan gini ɗaya ne, amma kowane harshe ya yi gininsa.

Hannun hukuma

A ƙarni na 20 gwamnatoci suka sa hannu, harafin ya ƙara rabuwa. Jamhuriyar Jama'ar Sin ta fitar da tsarin sauƙaƙa haruffa a 1956, ta cika jerin a 1964. A nan aka maye gurbin 臣 da 'yan layuka biyu a tsaye, harafin ya koma 肾, jan alƙalami takwas maimakon goma sha biyu ko sha uku, gwargwadon yadda ake ƙirgawa. Idon nan da masu neman hoto suke dogara da shi ya tafi, kalmar kuwa ko gezau. Taiwan da Hong Kong suna nan a kan tsohon, Singafo ta bi sabon.

Labarin Japan shi ya fi ƙarfafa hujjata. A 1946 hukuma ta ƙayyade haruffa 1,850 na amfanin yau da kullum, a 1981 ta mayar da su 1,945, kuma a duka jerin biyu babu harafin ƙoda. Saboda haka a rubuce-rubucen da ke bin jerin akan rubuta gaɓar jin da haruffan sauti na Japan, sannan a biyo da 臓 na kayan ciki, a sami jinzō, rabi da rabi. Sai a 2010, da aka faɗaɗa jerin zuwa 2,136, ƙoda ta sami shiga. Akwai kuma wata kalma ta yau da kullum, kanjin, mai nufin abu mafi muhimmanci, jigon magana. Ana rubuta ta 肝腎, hanta da ƙoda, kusan yadda muke cewa hanta da jini idan muna nufin abin da ba ya rabuwa. Da harafin ƙoda ya faɗi a wajen jeri, sai rubuta ta da harafin zuciya, 肝心, ya rinjaya. An cire ƙoda an sa zuciya, furuci bai sauya ba, ma'ana ba ta sauya ba. Da haruffan ne ke ɗauke da tunani, da kalmar ta zama wata daban. Kalmar tana baki tun da farko, haruffan riga kawai aka sauya mata.

Koriya da Biyetnam su kuma tuɓe rigar suka yi gaba ɗaya. Sarki Sejong ya ƙirƙiro haruffan Hangul a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446, amma malamai suka ci gaba da fifita Sinanci har ƙarni na 20. Koriya ta Arewa ta daina amfani da haruffan Sin a rubutun yau da kullum a 1949, a Kudu kuma sun yi ta raguwa har ya zama jaridun yau kusan Hangul ne zalla. A nan wata matsala ta fito fili. Kalmar asibiti ta ƙoda ita ce sinjang. Amma sinjang kuma shi ne tsayin mutum, shi ne bunƙasa, shi ne sunan lardin Xinjiang na Sin. A da haruffa daban-daban ne ke raba su, a Hangul kuwa duk 신장 ne. Daɗin daɗawa, zuciya ita ce simjang, bambancin n da m kawai, a cikin hayaniyar asibiti. Wannan yana cikin dalilan da suka sa tsohuwar kalmar gida ta dawo da martabarta, har likitoci suna kiran ciwon ƙoda mai daɗewa da manseong kongpatbyeong a bayanan da suke yi wa jama'a. Na yaba da wannan mataki. Ban yaba don kongpat ta gida ce ba. Na yaba ne don tsohuwa daga ƙauye za ta ji ta gane, kuma ba za ta rikita ta da zuciya ba. Sinjang ba ta mutu ba, tana nan a sunayen sassan asibiti da na ƙungiyoyin likitoci, busin ma babu wanda ya kore ta.

Biyetnam ta ɗauki haruffan Rumawa, waɗanda 'yan mishan suka tsara, Alexandre de Rhodes ya buga ƙamus da su a birnin Rum a 1651. An yi jarrabawar ƙarshe ta ɗaukar ma'aikatan sarki da Sinanci a 1919, daga nan sabon rubutun ya ci gaba da mamaye ko'ina. A dubi thận. 'Yar hular da ke kan wasalin tana nuna irin wasalin, ɗigon da ke ƙarƙashinsa yana nuna karin sauti, ɗaya daga cikin shida. Da su ake raba thận ƙoda da thần abin bauta, da thân jiki, da than gawayi. Duk da haka thận na ƙoda da thận na taka-tsantsan rubutunsu ɗaya ne, kuma babu wanda yake ruɗewa, domin kowanne da abokan tafiyarsa a jimla. Likitocin Hanoi suna rubuta suy thận, gazawar ƙoda, da sỏi thận, tsakuwar ƙoda, inda sỏi kalmar gida ce ta auri ta aro. Mafi yawansu ba su iya karanta 腎 ba, kuma aikinsu bai tsaya ba.

Wani zai ce, ai misalin Koriya hujja ce a kaina, tunda ya nuna haruffan Sin suna raba kalmomin da kunne ba ya rabawa. Na yarda suna yin haka, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Japan ta riƙe su, ga shi kwamfuta da wayar hannu sun sauƙaƙa rubuta masu wuyar. Amma a duba abin da suke rabawa. Kalmomi ne na wani harshe takamaimai, masu furuci sananne. Kowane tsarin rubutu yana zaɓar abin da zai nuna da abin da zai bar wa mai karatu ya cike da saninsa na harshen. Rubutun Sin yana nuna gaɓa da alamar ma'ana, ya bar furuci dishi-dishi. Na Biyetnam yana nuna sauti har da karinsa. Na Larabci yakan bar gajerun wasula, shi ya sa كلية take iya zama kulya, ƙoda, ko kulliyya, irin kwalejin da kuke ciki. Bokon Hausa yana nuna baƙi da wasali, ya bar karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka jera tsarin rubutu kamar matakala, wannan a ƙasa wancan a sama, ba shi da tushe a kimiyyar harshe. Wannan tunanin ne kuma yake sa wasu su ɗauki wanda ya iya ajami a matsayin wanda bai iya karatu ba.

Tunda bokonmu ya riga ya bar abubuwa biyu a hannun mai karatu, ɗan abin da yake nunawa bai kamata a yi sakaci da shi ba. Malamin da zai shiga aji gobe zai tarar da yaran da suka saba da rubutun waya, inda babu lanƙwasa kuma babu kula da raba kalmomi. A hannunsu ƙoda ta ciki, da "ko da" ta sharaɗi, da koɗa ta yabo, duk sun zama koda. Koriyawa gadon sinjang suka yi, ba su da yadda za su yi sai neman wata kalma. Mu kuwa ƙa'idojin rubutunmu sun riga sun raba waɗannan uku da lanƙwasar ƙ, da lanƙwasar ɗ, da tazara guda tsakanin ko da da. Jimla irin "ko da ƙoda ɗaya ce ta rage, mutum yana iya rayuwa" ta isa darasin shifta na rana guda. A rubuta ta a allo yadda ya kamata, a sake rubuta ta a ƙasa babu lanƙwasa babu tazara, sannan a ta da yaro ɗaya ya karanta ta biyun da ƙarfi.